Tattaunawar Maris 2025: gurbi ɗaya ya rage a ƙungiyar besbol ta Los Angeles Dodgers, Kim, Pages ko Outman?

Mai_Gora:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa. Ina so masana besbol su taya ni wannan lissafi, don kwanaki kaɗan suka rage Dodgers su bar sansaninsu na Camelback Ranch a Arizona su tashi zuwa Tokyo, inda za su buɗe kakar 2025 da Cubs ranakun 18 da 19 ga Maris.

Mutum 26 ake shiga wasa da su, 13 masu jifa, 13 masu bugu da tsaron fili. A kashi na biyun ga waɗanda ban ga abin da zai taɓa su ba in ba rauni ba: Will Smith da Austin Barnes a cafe (bayan mai bugu), Freeman a tasha ta ɗaya, Muncy a ta uku, Betts a shotsitof (tsakanin tasha ta biyu da ta uku), Teoscar Hernández a filin dama, Conforto a filin hagu, Ohtani mai bugu zalla, sai Tommy Edman. A benci kuma Miguel Rojas da Kiké Hernández da Chris Taylor. Mutum 12 ke nan. Saura ɗaya, masu nema uku: Hyeseong Kim, Andy Pages, James Outman.

Tambayata biyu ce. Wa ya kamata ya samu? Sannan me zai hana a sallami Taylor, wanda matsakaicin bugunsa na bara, 2024, bai wuce .202 ba (wato dace 202 cikin dama 1,000), a samu gurbi biyu a ɗauki Kim da Pages tare?

Dattijon_Benci:

Wa alaikumus salam, Malam Mai_Gora. Lissafinka daidai ne, sai dai ka fara duba kwantiragi kafin ka duba wanda ya fi bugu a Arizona, don da kwantiragi ake raba irin wannan gardama.

Duk ɗan wasan da ke cikin babban jeri na mutum 40 yana da shekaru uku da ƙungiya za ta iya saukar da shi ƙaramin lig ba tare da wata ƙungiya ta samu damar ɗauke shi ba. Shekara ɗaya tana ƙonewa ne idan ya yi kwana 20 a can cikin kaka guda, kuma tun yarjejeniyar 2022 ba a saukar da mutum fiye da sau biyar a kaka ɗaya. In an saukar da mai bugu sai ya yi kwana 10 kafin a dawo da shi, mai jifa kwana 15, sai dai in zai maye gurbin wanda ya ji rauni. Kim da Pages da Outman duk ana iya saukar da su Oklahoma City, ƙungiyar Dodgers ta ƙaramin lig, yau ɗin nan, ba a yi asarar kowa ba.

Taylor kuwa ya wuce shekara biyar ta aiki a babban lig, saboda haka ba a saukar da shi sai da yardarsa. Hanya ɗaya ce: a cire shi daga jerin 40, a samu kwana bakwai a sayar da shi ko a sake shi. Yana shekarar ƙarshe ta kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 60, bana dala miliyan 13 zai karɓa. Babu ƙungiyar da za ta ɗauki wannan nauyi. Za su jira a sake shi, su ba shi mafi ƙarancin albashi, dala 760,000 a 2025, Dodgers su cika sauran. Ba wai kuɗin zai girgiza su ba, su da suke biyan harajin wuce iyakar albashi na kashi 110 cikin 100 a kan kowace dala da suka ƙara. Abin da suke gudu shi ne su saki mutumin da yake tsaron gurbi biyar ko shida a watan Maris, sai Muncy ya ji ciwon gefe irin na bara wanda ya zaunar da shi wata uku, su waiwaya babu kowa. Wanda aka saukar yana nan a hannu, wanda aka saki ya tafi ke nan. Shi ya sa a watan Maris tsoho yake cin gardama ko da yaro ya fi shi. In Taylor bai farfaɗo ba, a Mayu ko Yuni za a yi wannan maganar, lokacin da aka ga wanda ya tsaya da ƙafarsa.

Wani abu kuma: wannan gurbi ba na benci ba ne. Edman mutum ɗaya ne, ramuka biyu ne, tasha ta biyu da tsakiyar fili. In aka ɗauki Kim, Edman ya koma tsakiyar fili. In aka ɗauki Pages ko Outman, Edman ya tsaya a tasha ta biyu, inda ya ci kyautar safar zinare ta gwanin tsaro a 2021 yana Cardinals. Ni Pages zan ba. Homron (bugun da ke ƙetare katangar fili) 13 ya buga bara a shekararsa ta farko, yana cin bahagwai sosai, kuma kun ga biyun da ya buga wa Mets a wasa na biyar na zagayen cin kofin National League.

Bahago_Sarkin_Sata:

Dattijo, na yarda da kai a kan Taylor, amma a kan Pages ina da ja. Hannunsa bindiga ne, wannan babu musu. Matsalarsa takun farko. Bara sau da yawa ƙwallo za ta tashi ya fara matsowa gaba, sai ya ga ta wuce kansa ya juya da gudu. A filin dama ana yafe wannan, a tsakiya ba a yafewa, musamman da yake Conforto da Teoscar ne a gefensa, kuma babu mai gudun kirki a cikinsu. Duk abin da ya faɗi tsakanin su uku tasha biyu ne kai tsaye.

Ku duba abin da Kim zai kawo. Kyautar safar zinare huɗu a jere a lig ɗin Koriya ta Kudu tare da Kiwoom Heroes, ɗaya a shotsitof a 2021, uku a tasha ta biyu. Bara ya buga .326, ya saci tasha 30. Tun 2023 da aka hana tara masu tsaro a gefe ɗaya, dole mutum biyu su tsaya kowane gefe na tasha ta biyu, ƙafafunsu a kan ƙasa ba ciyawa ba, mai tsaron tasha ta biyu ya koma sai mai ƙafa. An kuma ƙara girman tasha daga inci 15 zuwa 18, mai jifa ba ya waiwayar mai gudu fiye da sau biyu ba tare da hukunci ba. Duk wannan kasuwar Kim ce. Gavin Lux, mai tsaron tasha ta biyu, ma ai don Kim aka sayar wa Reds a watan Janairu, kwanaki kaɗan bayan Kim ya sa hannu a shekara uku kan dala miliyan 12.5.

Kuma ku ƙirga bencin nan: Barnes, Rojas, Kiké, Taylor, duk da dama suke bugu. In Pages ya shiga ya zama babu bahago ko ɗaya da koci Dave Roberts zai ɗaga a inin (zangon wasa) na takwas idan abokin hamayya ya kawo mai jifa na dama mai mugun silaida (jifa mai gocewa gefe). Wannan ne ma kaɗai hujjar Outman, wanda ya buga homron 23 a 2023 ya zo na uku a zaɓen gwarzon sababbi, sai bara ya faɗo .147. An gano shi: a jefa masa mai gudu a saman iyakar bugu, a bi da mai lanƙwasa a ƙasa, ya doki iska. Har ya gyara wannan ba na sa shi a lissafi.

Dattijon_Benci:

Safar hannun Kim ba ita ake tuhuma ba, ɗan'uwa, gorarsa ake tuhuma. A Koriya miƙaƙƙen jifa wajen mil 90 ne a awa, a Amurka matsakaicinsa ya haura 94, masu karɓar wasa a ƙarshe kuwa 97 zuwa 100 suke zubawa. Ƙafa 60 da inci 6 ne tsakanin mai jifa da gida, ƙwallo mai gudun 95 tana isowa cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Mai ɗaga ƙafar gaba sama kafin ya buga, kamar yadda Kim ya saba, ƙafar ba ta gama sauka ba ƙwallon ta iso. Sai ya makara, ko ya tura ta ƙasa gefen hagu a fitar da shi cikin sauƙi, ko ya fara lilo da wuri don ya cim ma mai gudu, mai lanƙwasa ta yaudare shi.

Masu horarwa sun sa shi sauya tsayuwa da tafiyar gorar tun zuwansa sansani. Gyara irin wannan yana son bugu huɗu ko biyar kowace rana, wata guda ko biyu, inda in ya fita ba komai ba wanda zai yi ihu. A Oklahoma City ake samun haka. A Los Angeles in ya yi sati biyu yana dukan iska sai a zaunar da shi, ya rasa wasa ya rasa gyara. Ku tuna Ha-Seong Kim, daga wannan ƙungiya ta Kiwoom ya zo, kuma ya fi wannan ƙarfin bugu nesa ba kusa ba, homron 30 ya buga a shekararsa ta ƙarshe a can. Ya zo Padres a 2021 ya buga .202. Sai a shekara ta biyu da ta uku ya zama ɗan wasan da aka sani.

Hajiyar_Bulfen:

Sannunku da ƙoƙari. Kafin a ci gaba da jefa wa juna alƙaluman Arizona, a san abin da suke nufi. Mai bugu yana samun dama 40 zuwa 60 ne a duk wasannin share fage. Ƙwallo uku su faɗi inda babu mai tsaro, matsakaicin bugunsa ya tashi da maki 60. Iskar can busasshiya ce, ƙwallo tana tafiya nesa, mai lanƙwasa ba ta lanƙwasa yadda ya kamata, ƙasar filin kuma da tauri. A sati biyun farko ƙwararrun masu jifa ba neman fitar da mutum suke ba, wani zai jefa abu ɗaya sau goma a jere don yana gwada riƙo. Daga inin na shida kuma sai ka ga yara masu lamba 87 da 94 a bayan riga, babu ko suna. Homron a kan irin waɗannan ba labari ba ne.

Abin dubawa ga mai bugu: sau nawa yake bin ƙwallon da ta fita iyaka, sau nawa yake dukan iska a kan wadda ke cikin iyaka, da kuma wa ya fuskanta. Ku lura da jerin da Roberts yake fitarwa ma. Wanda ake sa wa a inin na farko tare da Betts da Freeman, a gurbin da ake gardama a kai, shi ake shiryawa. Bana an samu sauƙi, don an kafa kyamarorin gwajin ƙalubalantar hukuncin alƙali a Camelback Ranch, gudun kowane jifa da kowane bugu yana fita.

Ni dai a ganina gardamar da za ta fi tasiri a kakar nan tana wajen masu jifa. Mai buɗe wasa ana gina shi ne hawa-hawa: inin biyu jifa 30, sai uku da 45, huɗu da 60, biyar da 75, shida da 90, da kwana biyar ko shida tsakani. Tafiyar Tokyo ta yanke hawa ɗaya ko biyu. Yamamoto da zai buɗe wasan farko ya kara da Imanaga na Cubs, da Sasaki da ake sa ran zai yi na biyu, ba za su wuce jifa 70 zuwa 75 ba. Wato kowane wasa akwai inin huɗu ko biyar a wuyan bulfen (masu karɓar jifa bayan mai buɗe wasa), ga Evan Phillips da Michael Kopech ba su gama warkewa ba, Graterol kuwa an yi masa aiki a kafaɗa sai can gaba. Don haka mutum irin Ben Casparius ko Landon Knack, mai iya ɗaukar inin uku, ya fi amfani a makon farko fiye da wani mai suna da ba ya wuce inin ɗaya.

Sasaki kuma a yi masa a hankali. Ranar 4 ga Maris ya yi inin uku da Reds ba a ci shi ba, ya kori biyar, ya taɓa mil 99. Sifilitarsa, wani salon jifa, ba ta da na biyu, kusan ba ta juyawa, sai ta iso gida ta faɗi. Amma mafi yawan abin da ya taɓa jefawa a Chiba Lotte Marines inin 129 da ɗoriya ne, a 2022, shekarar da ya yi cikakken wasan nan da babu wanda ya kai tasha, ya kori 19. Bara 111 ya yi, gudun jifansa ya ragu da kusan mil biyu. A Japan sau ɗaya ake jifa a mako, ƙwallonsu ta fi kama hannu, kuma babu agogon daƙiƙa 15 da 18 da zai hana shi numfasawa. Miƙaƙƙen jifansa ba ya tashi sosai, in ya sauko 95 za a buga shi. Da abu biyu kaɗai ba a zagaya manyan masu bugu sau uku, sai silaidarsa ta zauna. Duk wanda ya sa masa inin 160 bana ya yi son zuciya.

Sauran ma haka. Glasnow 134 ya yi bara, kuma shi ne mafi yawa a rayuwarsa, gwiwar hannu ta tsayar da shi a Agusta. Yamamoto 90. Snell sau biyu kawai ya kai 180, a 2018 da 2023, shekarun da ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Kershaw yana jinyar yatsan ƙafa da gwiwa. Shi ya sa ake maganar masu buɗe wasa shida. Sai dai na shidan daga bulfen ake cire shi, don 13 ba ta ƙaruwa, a bar mutum bakwai suna ɗaukar aikin takwas. Ranar da Ohtani ya dawo jifa wannan matsala ta kau, don doka ba ta ƙirga shi cikin masu jifa. Amma an yi masa aiki a gwiwar hannun dama a Satumbar 2023, an kuma yi a kafaɗar hagu a Nuwambar bara, kuma an rage masa saurin shirin jifa don ya mai da hankali kan bugu. Kada kowa ya sa rai a Afrilu.

Mai_Gora:

Na gode ƙwarai, Hajiya. To duk lissafin nan namu a kan cewa Betts zai zauna a shotsitof muka gina shi. In abin bai yiwu ba fa, kamar bara?

Bahago_Sarkin_Sata:

Bara daban, bana daban. Bara ana tsakiyar share fage aka tura shi can saboda jifan Lux yana faɗuwa ƙasa, bai yi wani shiri ba. Kuskure tara ya yi, takwas na jifa ne. Kamun ƙwallo bai taɓa zama matsala ba, asalinsa ma ɗan tasha ta biyu ne, Red Sox suka mai da shi bakin fili a 2014 don Pedroia ya tare gurbin. Abin da ya same shi shi ne hannun da ya saba da bakin fili: can kana da taku biyu uku, ka zagayo da hannu ta sama, ka saki ƙwallo da dogon zango. A shotsitof mai gudu yana isa tasha ta ɗaya cikin daƙiƙa huɗu da ɗan wani abu. Dole ƙafa ta daidaita tun kafin ƙwallon ta shiga safa, kafaɗar hagu ta kalli tasha ta ɗaya, hannu ya fito gajere. In ƙafa ta makara hannu zai yi gaggawa, ƙwallon ta karkace ko ta nutse. Ba don kuskure aka mai da shi filin dama ba ma, karaya ya samu a hannu ranar 16 ga Yuni da aka jefe shi, da ya dawo a Agusta aka ga gara ya koma inda ya ci safar zinare shida.

Wannan karon tun lokacin sanyi yake aikin, mai horarwa Chris Woodward yana tare da shi. Abin dubawa a wasannin da suka rage shi ne ƙwallon da ta bi ta hannun damansa, can cikin rami kusa da Muncy, da kuma wadda ke tafiya a hankali sai ya rugo ya jefa a guje. Nan ake gane na gaske. Ku sa ido kan Freeman ma, an yi masa aiki a idon sawu, kuma shi ne mai kwashe jifan da ya faɗi ƙasa.

In ya gaza, Rojas yana nan, amma shekararsa 36, ba zai yi wasa 140 ba. Edman ne zai koma shotsitof, Betts ya dawo tasha ta biyu, don filin dama an riga an ba Teoscar da shekara uku kan dala miliyan 66. Kun ga a wannan yanayi tsakiyar fili ta zama ta Pages ko ana so ko ba a so, Kim kuma ƙofarsa ta ƙara tsukewa. Wannan kam na ba Dattijo.

Hajiyar_Bulfen:

Ƙari kaɗan kan tafiyar. Mutum 31 za su hau jirgi, 26 za su yi rajistar wasannin biyu, kuma akwai wasannin sada zumunci da Yomiuri Giants da Hanshin Tigers a Tokyo Dome kafin nan. Saboda haka ganin sunan mutum a jirgi ba ya nufin ya ci gurbi. Masu buɗe wasa da ba za su yi jifa a can ba, irin su Snell da Glasnow, ba sa cikin 26 ɗin, sai a cike da ƙarin 'yan bulfen. Jerin gaskiya shi ne na 27 ga Maris, ranar da za su karɓi Detroit a gida. Wanda aka bari a Arizona kuwa an riga an ba shi amsa, kuma ga Kim hakan ya fi, don kwanakin nan da zai ɓata a jirgi da benci zai yi su yana bugu kullum.

Gurbi na biyar a masu buɗe wasa tsakanin Dustin May da Tony Gonsolin yake, dukansu ba su jefa ko ɗaya ba a babban lig a 2024. May ya cika shekara biyar ta aiki, ba a saukar da shi, in ya rasa sai bulfen. Rufe wasa kuwa Tanner Scott aka ba shekara huɗu kan dala miliyan 72, shi zai fi samu, amma bahago ne, duk daren da manyan bahagwan abokan hamayya suka faɗo a inin na takwas can za a kira shi, Yates ko Treinen su rufe.

Masu son kallo, wasannin Tokyo da ƙarfe 7:10 na dare ne a can, wato 11:10 na safe agogon Najeriya da Nijar, Talata da Laraba.